Sarauta ko Dimokuraɗiyya: Wanne Ya Fi Kusa da Adalci?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda sarautarSa ba ta da farko kuma ba ta da ƙarshe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata gardama da ta daɗe tana zagaya majalisun hira a ƙasar Waca da Magariya da Dungas, a ƙofar masallaci bayan La'asar da kuma rumfunan kasuwa. Wasu dattawa suna cewa tun ranar da siyasa ta shigo aka raba wa da ƙane, aka zubar da girman manya, don haka gara a mayar wa sarakuna mulkinsu a huta. Wasu matasa kuwa suna cewa haihuwa a gidan sarauta ba ta sa mutum ya iya riƙon jama'a, ƙuri'a ce kaɗai hanyar da talaka zai nuna wanda yake so. Gardamar ta ƙara zafi tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'an nan aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. Kansilolin da aka zaɓa sun koma gida, sarki da masu gari suna nan inda suke. Mai kallo yana iya cewa zamani ya riga ya yanke hukunci. To, amma abin da ya auku daban, abin da ya dace daban, kuma al'ummar da ba ta san abin da take so ba, duk abin da aka miƙa mata karɓa za ta yi.

Abin da Shari'a ta ɗora wa hukunci

Farkon abin da ya kamata mai neman gaskiya ya lura da shi shi ne, Alƙur'ani mai girma bai yabi sarauta don sunanta ba, bai kuma zarge ta don sunanta ba. Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, sarakuna ne, ɗa ya gaji uba. Fir'auna ma sarki ne. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 247, an ba mu labarin yadda Banu Isra'ila suka ƙi yarda da Ɗalutu don ba shi da dukiya, aka amsa musu da cewa an fifita shi da ilimi da ƙarfin jiki. A cikin Suratun Namli kuwa an nuna mana sarauniyar Saba'i tana tara manyan fadarta, tana shaida musu cewa ba ta yanke al'amari sai suna nan, kuma ƙarshenta ya yi kyau. Abin da aka wajabta a Suratun Nisa'i, aya ta 58, shi ne a mayar da amana ga masu ita, a yi hukunci tsakanin mutane da adalci. Abin da aka yabi muminai da shi a Suratush Shura, aya ta 38, shi ne gudanar da al'amarinsu bisa shawara.

Halifofi shiryayyu su ma ba hanya guda suka bi suka hau ba. An yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a bayan muhawara a rumfar Banu Sa'ida. Shi kuma ya shawarci manyan sahabbai ya ayyana Sayyidina Umar. Sayyidina Umar ya bar al'amarin a hannun mutum 6, har Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a tsayar da Sayyidina Usman. Hanyoyin sun bambanta, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya bar wa ɗansa, babu kuma wanda ya hau ba da mubaya'ar jama'a ba. Gadon mulki ya fara ne lokacin da Mu'awiya ya karɓa wa ɗansa Yazidu mubaya'a. Duk da haka, daga cikin wannan gida na Banu Umayya ne Allah Ya fitar da Umar ɗan Abdul'aziz, wanda har yau ake buga misali da adalcinsa.

Saboda haka idan muna son mu auna sarauta da dimokuraɗiyya, sai mu yi wa kowace tambaya uku. Ta wace hanya shugaba yake hawa? Wa yake iya tsawata masa idan ya karkace? Ta wace hanya yake sauka idan ya zama annoba ga jama'a?

Sarauta a kan ma'auni

Mutumin Waca ba ya bukatar a karanta masa littafi kafin ya san sarauta. Waca da Dungas da Mirya suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka yi zamani a ƙarƙashin inuwar Barno kafin Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 ta shigar da su cikin ikonta. Alherin sarauta a fili yake. Sarki ɗan gari ne, a nan aka haife shi, a nan za a binne shi, kuma ya san cewa abin da ya shuka 'ya'yansa ne za su girba. Ya san iyakar gonar kowane gida, ya san inda burtali ya bi tun zamanin kakanni, ya san wace rijiya ce ta wane. Idan shanu suka shiga gonar gero kafin a girbe, ko magada suka saɓa a kan fadama, ƙofar mai gari ake fara zuwa, daga nan sai fada. Dokar ƙasa ma ta san da haka, domin dokar tsarin karkara ta 1993 ta bar wa sarakuna ikon sasanta rigingimun gonaki kafin a kai gaban alƙali. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce tun 1960, fada tana nan a buɗe. Wannan ɗorewa ni'ima ce, wanda ya raina ta bai ga garin da ba shi da babba ba.

Kuma kuskure ne a ce sarautar Hausa ba ta san shawara ba. A Gobir akwai Tara, a Katsinar Maraɗi akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, a Kano akwai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, dukkansu masu zaɓen sarki ne daga cikin 'ya'yan gidan. A Nijar ta yau ma magidanta ne suke zaɓen mai gari, masu gari kuma su zaɓi sarkin ƙasa daga cikin masu haƙƙin gado, sa'an nan hukuma ta tabbatar.

To, amma wannan sarauta da muke gani yau sarauta ce da aka zare wa takobi. Ba ta da baitulmali na ƙasa, ba ta da runduna, ba ta yanke hukuncin kisa. Mai cewa a mayar wa sarakuna mulki, sai ya dubi sarauta a lokacin da takobin yake hannunta. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya bunƙasa fatauci zuwa Tarabulus, sunansa ya kai nesa. Amma kafin mulki ya tabbata a hannunsa, shekaru aka yi ana juyin waina tsakaninsa da ɗan'uwansa Ibrahim, wannan ya hau wancan ya sauka, Barno tana sa hannu, talakawa suna biyan kuɗin rigimar da jininsu da hatsinsu. Baturen nan matafiyi James Richardson, wanda ya zauna a birnin a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari a kamo bayi daga garuruwan da suke cikin ƙasar kanta. A Kano ma rigimar gadon sarauta ce ta haifar da yaƙin basasa a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa.

Malamanmu ba su yi shiru a kan wannan ba. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan wajiban sarakuna tun ƙarni na 15, yana jan kunnensa kada ya ɓuya wa talakawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗaukar mulki ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba cikin ɗabi'un da ya yi inkari, tare da harajin da Shari'a ba ta ɗora ba da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Abin lura kuma shi ne, daular da aka kafa don gyara wannan ita ma ba ta daɗe ba sarautunta suka koma gadon gidaje. Wannan ya nuna cewa cutar a jikin ɗan Adam take, kowace ƙabila da kowane gida.

Idan muka koma ga tambayoyinmu uku, sarauta tana da amsa mai ɗan dama ga ta farko, tana da rabin amsa ga ta biyu, domin malami mai tsoron Allah ko bafade mai gaskiya yana iya faɗa, sarki kuma yana iya ƙin ji. Ga ta uku kuwa ba ta da amsa sai mutuwa, ko tawaye, ko wani mai ƙarfi daga waje. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906 suka kai shi gudun hijira, sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923. Gwamnati ta tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda a 2001, wata gwamnatin ta mayar da shi a 2011. A duk waɗannan babu inda aka tambayi talaka. Idan Allah Ya ba jama'a sarki adali sun ji daɗi shekara 40, idan kuwa aka jarrabe su da azzalumi sai su yi ta addu'a shekara 40.

Dimokuraɗiyya a kan ma'auni

Ita ma dimokuraɗiyya mun ɗanɗana ta, ba labari aka ba mu ba. Babban taron ƙasa ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ɗan Damagaram Andre Salifu ne ya shugabance shi. A 1993 aka zaɓi wani ɗan Damagaram ɗin, Mahamman Usman, shugaban ƙasa, jama'ar wannan yanki suka yi murna ƙwarai. Ba a yi shekara biyu ba ƙawancen da ya kawo shi ya watse, 'yan adawa suka rinjayi majalisa a 1995, shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadu suka shiga takun saƙa har aikin gwamnati ya tsaya, ma'aikata suna bin bashin albashi. Ranar 27 ga Janairu 1996 soja suka karɓe. Shugaba Tanja Mamadu, wanda aka zaɓa sau biyu, ya nemi tazarce a 2009, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don sun ƙi ba shi hanya, aka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Sai a 2021 ne karon farko zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki, wannan ma bai cika shekara uku ba. Juyin mulki 5 ke nan tun samun 'yancin kai: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023.

Aibobin da dattawa suke faɗa gaskiya ne. Mun ga yadda ɗan takara yake zuwa da atamfa da sabulu da buhun shinkafa, ya ci zaɓe ya ɓace sai bayan shekara 5. Mun ga an daina gaisawa tsakanin maƙwabta saboda launin tuta. Mun ga an ja malamai da sarakuna cikin yaƙin neman zaɓe har girmansu ya ragu. Wanda ya kashe miliyoyi ya sayi kujera kuwa, ɗan kasuwa ne, sai ya mayar da uwar kuɗinsa da riba daga dukiyar jama'a.

Akwai kuma tuhuma biyu da wasu almajirai suke kawowa, waɗanda suka fi waɗannan nauyi. Ta farko, suna cewa rinjaye ba hujja ba ne, Alƙur'ani ya sha zargin mafi yawan mutane da rashin sani, kuma halal da haram ba a jefa musu ƙuri'a. Wannan magana daidai ce a muhallinta. Da mutanen duniya duka za su taru su halatta giya ko riba, ba za su halatta ba. Amma mafi yawan abin da hukuma take yankewa ba wannan ba ne. Ina za a haƙa rijiya, Waca ko wani ƙauye? Nawa za a ware wa asibiti, nawa ga hanya? Wa za a damƙa wa kuɗin haraji? Waɗannan al'amura ne na maslaha da Shari'a ta bar wa mutane, kuma masu shan wahalar kuskure a cikinsu su suka fi cancanta a tambaya. A yaƙin Uhudu ra'ayin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne a tsaya cikin Madina, mafi yawan matasa suka so a fita, ya bi ra'ayinsu, aka fita aka sami abin da aka samu na shahada da rauni. Bayan wannan ne aka saukar da aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, wadda ta umarce shi ya yafe musu ya ci gaba da shawartarsu. Ashe ke nan kuskuren masu ba da shawara ba ya soke wajibcin shawara.

Tuhuma ta biyu ita ce, hadisi ya hana neman shugabanci, ɗan takara kuwa nema yake yi da ganga da lasifika. Wannan gargaɗi ne da ya kamata ya sa kowane ɗan takara ya yi kuka da kansa. Sai dai malamai sun yi bayani cewa wanda ya san ya iya, ya kuma ga amana za ta faɗa hannun wanda zai tozarta ta, yana iya gabatar da kansa, kamar yadda Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Kuma kada mu manta 'ya'yan sarki su ma nema suke yi idan gadon ya faɗi, da kamun ƙafa da kyauta, wani lokaci har da abin da ba ya faɗuwa.

A kan tambayoyinmu uku, dimokuraɗiyya ta buɗe ƙofar hawa ga kowa, ko da yake kuɗi suna neman rufe ta. Ta tanadi majalisa da kotu da jarida da za su tsawata, ko da yake ana iya saye su ko a tsorata su. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a yankunan Maraɗi da Damagaram, hukuma ta yi ta musun cewa akwai yunwa, amma gidajen rediyo da jaridu da ƙungiyoyi suka yi ta faɗa har duniya ta ji taimako ya zo. Ga tambaya ta uku kuwa, tana da amsar da sarauta ba ta da ita: ranar da aka sani, wadda talaka zai iya sauke shugaba da 'yar takarda ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Tazarcen 2009 da juye-juyen mulki ba su ƙaryata wannan ba, domin dukkansu fita ne daga ƙa'idar, kamar yadda mai cin amana ba ya zama hujja a kan amana.

Inda ma'auni ya rinjaya

Abin da ya bayyana gare mu, Allah ne Mafi sani, shi ne: duk wanda zai riƙe baitulmalin ƙasa da bindigarta, ya fi kusa da adalci a ce jama'a ne suka zaɓe shi, an yanka masa wa'adi, akwai kuma wanda zai iya tuhumarsa. Dalili kuwa, tsarin mulki ana gina shi ne don ranar da aka sami mugun shugaba. Idan shugaba irin Umar ɗan Abdul'aziz ne, kowane tsari ya wadatar. Amma irinsa nawa tarihi ya ƙirga? Mai gina rumbu yana ɗaga shi daga ƙasa ne saboda gara, ko da bana bai ga gara ba.

Wannan ba ya nufin a rushe fada. Aikin sulhu, da tsare iyakokin gonaki da burtali, da karɓar baƙo, da haɗa kan gari ranar annoba, yana son mutumin da ba ya neman ƙuri'ar kowa, wanda ɗan kowane ɓangare zai shiga zaurensa ba tare da fargaba ba. Sarki ya fi kowa dacewa da wannan, da sharaɗin ya tsare kansa daga zama ɗan koren masu mulki, na farar hula ne ko na soja, ya kuma tsare hannunsa daga sayar da filayen jama'a da karɓar abin mai ƙara. Sarakuna sun taɓa shiga siyasa tsundum a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 da zamanin jam'iyya ɗaya da ya biyo baya, kuma martabarsu ba ta ƙaru da haka ba.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ya ɗan'uwa mai karatu, tsari kowane iri ne da mutane ake tafiyar da shi. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda yake yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, idan an ba shi ya cika idan an hana shi ya warware, cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Mai sayar da ƙuri'arsa da sabulu ya duba ko wannan siffa ta yi kama da shi. Haka nan mai gari da ya karɓi kuɗi ya zaɓi sarkin da ya san bai cancanta ba. Ƙuri'a shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai.

Wajibi ne ga malamai su karantar da wannan a zaure da kan mumbari tun kafin ranar da za a sake kiran jama'a su zaɓa, su kuma riƙe matsayinsu na masu nasiha ga shugabanni, kada su zama maroƙansu. Wajibi ne ga magidanta su riƙa tambayar inda harajinsu ya tafi, cikin ladabi da bin doka, ko a gaban kantoma ne ko a gaban sarki, domin wata mace ta taɓa yi wa Sayyidina Umar gyara a bainar jama'a ya karɓa, girmansa bai ragu ba. Wajibi ne kuma ga matasa kada ɓacin ran da 'yan siyasa suka jawo musu ya kai su ga yafe haƙƙinsu na a shawarce su, domin haƙƙin da aka yafe cikin fushi da wuya ake dawo da shi.

Muna roƙon Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya shiryi shugabanninmu da sarakunanmu, Ya haɗa su da mashawarta na gari, kada Ya ɗora mana, saboda zunubanmu, wanda ba ya tsoronSa kuma ba ya jin ƙanmu. Amin.